Nasiha Ga Samarin Direbobi Game Da Akwatin Tayar Da Mota

Ya ku 'ya'yana samari, musamman waɗanda Allah Ya sanya abincinku a kan sitiyari, da waɗanda kuke yaran mota kuna jiran ranar da za a miƙa muku makulli, ina so in yi muku magana a kan wani ɗan akwati da ya fara shiga hannun direbobi da shagunan kayan gyara, wanda girmansa bai wuce a riƙe shi a hannu guda ba, amma yana iya tayar da motar da batirinta ya mutu ba tare da an nemi masu turi ko wata motar da za a jona ba. La'alla wani ya ce wannan al'amari ya yi ƙanƙanta a ɓata masa tawada, alhali ga manyan matsaloli sun dabaibaye ƙasarmu. Amsata gare shi ita ce, duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta nufi Shinkafi, ko wadda ta ratsa Zurmi da Gurbin Bore ta faɗa Jibiya, ya san cewa a zamanin nan tashin mota da ƙin tashinta mas'ala ce da rayukan bayin Allah ke rataye a kanta.

Tun da layin dogo ya iso Ƙaura a shekarar 1929, ya tsaya a nan bai ƙara gaba ba, aikin da ya rage daga bakin tashar jirgi zuwa Shinkafi da Isa da Sabon Birni, da kuma Moriki da Zurmi, ya koma wuyan raƙuma da jakuna, daga baya kuma ya koma wuyan motoci, su ne ke kawo gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga, su koma da gishiri da kananzir da yadi. Direbobin wancan zamani, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ba su ɗauki mutuwar batir a bakin komai ba, domin tsofaffin motoci suna da ƙarfen da ake zurawa ta gaban inji a murɗa da hannu, in kuwa babu shi sai fasinjoji su sauka su tura, direba ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, mai dabara ma tun da dare yake ajiye motarsa a kan gangare. In abin ya faskara a tsakiyar daji, iyakarta a shimfiɗa tabarma a gindin itace a kwana, da safe mutanen ƙauye su kawo fura, a aiki yaron mota ya nemo makaniki. Yau kuwa al'amura sun sāke. Da yawa daga motocin da ake shigowa da su ta Kwatano masu sauya giya da kansu ne, irin waɗanda ko unguwa guda ta taru ta tura su ba za su tashi ba. Abin da ya fi wannan ciwo kuma, dajin da ake kwana a cikinsa lami lafiya ya zama wurin da babu mai son ya yi minti goma a tsaye, saboda 'yan bindigar da suka addabi wannan yanki shekara da shekaru. Kada kuma wani ya dogara da cewa zai buga waya a kawo masa ɗauki, gama kun shaida abin da ya auku a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya har tsawon makonni, mutum ga waya a hannunsa amma ba shi da halin sanar da ko ƙaninsa inda yake.

Tun muna gaban malamai muna karatun Ahalari aka cusa mana cewa ilmi ke gaba, aiki ya biyo baya, saboda haka bari mu fara da sanin shi kansa batirin mota. Asalinsa wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a 1859, kuma ɗakuna shida ne a jere, kowanne da farantan dalma a jiƙe cikin ruwan batir, kowanne yana ba da bolt biyu da 'yar ɗoriya, shi ya sa lafiyayyen batir cikakke, in an auna shi bayan mota ta huta, yake nuna 12.6; in ya nuna 12.2 ya sha rabi, in kuwa ya faɗo ƙasa da 12 saura ƙiris. Aikinsa mafi nauyi shi ne na daƙiƙa biyu ko uku da ake murɗa makulli, lokacin da kik ke zuƙar amfiya 100 zuwa 200 a ƙaramar motar fetur, fiye da haka a mai shan dizal. Da inji ya kama sai altaneto ya karɓi aiki, ya ciyar da fitilu, ya mayar wa batir abin da aka ara a wurinsa, a lokacin kuma awo kan nuna tsakanin 13.8 da 14.5. Babban maƙiyin batir a ƙasarmu zafi ne. Masana sun daɗe da lura cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana raba kwanakin batirin dalma biyu, mu kuwa a bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi kan haura 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet. Zafin ke cinsa a ɓoye, ya ƙafar da ruwansa, ya zaizaye farantansa, amma ɓarnar ba ta bayyana sai da asubar hunturu, sa'ad da man inji ya yi kauri, sai mutane su ɗora wa sanyi laifin da bazara ta aikata.

Shi kuwa ɗan akwatin nan, abin da ke cikinsa batir ne na litiyam, ɗan uwan wanda ke cikin wayoyinku, sai dai an jera ƙwaya uku ko huɗu an haɗa ƙarfinsu don ya kai na mota, an kuma gina su yadda za su iya amayar da wuta mai yawa a ƙiftawar ido. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da wannan nau'in batir kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba malamai uku da suka sha wahalar gano shi lambar Nobel, watau John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, na farkonsu yana da shekara 97 a duniya bai kuma rabu da bincike ba, abin da nake so kowane saurayi mai ganin karatu ya wuce shi ya yi tadabburi a kansa. To, in kun yi lissafi za ku ga abin mamaki. Batirin mota mai 60Ah yana ɗauke da wuta kimanin 720Wh, ɗan akwati mai 12,000mAh kuwa bai wuce 44Wh ba, watau kashi ɗaya cikin 16 ke nan. Amma tayar da inji sau ɗaya, in an zuƙi amfiya 200 na daƙiƙa uku, abin da yake ci kimanin 2Wh ne kacal. Tayar da mota dai wuta kaɗan yake bukata, muddin za ta zo da ƙarfi a lokaci guda. Matsayin akwatin daidai yake da garwashin da uwayenmu ke aiken yaro ya ɗebo a murhun maƙwabta da safe, wanda ke kama wuta amma ba ya dafa tuwo, in babu itace a murhu sai ya mutu a banza.

A nan zan daɗe, domin a nan hatsarin yake, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Motar da ta ƙi tashi da safe a tashar Ƙaura, ga makanikai, ga mai wayarin, ga mai sayar da batir, ga jama'a ko'ina, ta yi wa mai ita gargaɗi ne a wurin da gargaɗi ke da amfani. A dā, wahalar neman masu turi da kunyar sauke fasinja su ne ke tilasta wa direba ya je a duba masa. Yanzu kuwa sai ya buɗe bonet, ya maƙala akwati, cikin minti guda inji ya kama, ya yi lodi ya kama hanya, alhali cutar da ta kashe batirin tana nan ba ta je ko'ina ba. In altaneto ne ya daina caji, ko bel ɗinsa ya saki, motar za ta yi tafiya ne da 'yar guntuwar wutar da ta saura, famfon mai da fulogi da kwamfutar inji suna ta zuƙa babu mai mayarwa, har ta kai inda za ta kai ta mutu tana cikin gudu, kuma a wannan karo akwatin ba zai tsinana komai ba, don ko ya tayar da ita, ba za ta jima ba bayan an cire shi za ta sake mutuwa. Ashe abin da ya yi shi ne ya ɗauke matsalar daga cikin gari, inda take da sauƙin magani, ya kai ta tsakanin Ƙaura da Shinkafi, ranar Alhamis ta cin kasuwa, da mota cike da fatake da kuɗinsu a jiki, da mata da goyo a baya.

Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda aka ba amana ba a ɗora masa lamuni in abin ya salwanta a hannunsa, sai fa in an same shi da ta'addi ko tafriɗi, watau ko ya ƙetare iyakar da aka yi masa, ko ya yi sakaci da abin da ya wajaba a kansa. In haka hukuncin yake a kan buhun gero da ƙullin kuɗi, ina ga rayukan da suka biya kuɗin mota suka zauna a bayanka, ba su san abin da ke ƙarƙashin bonet ba, sun dai yarda da kai? Direban da ya ga jar fitila mai hoton batir ta ƙi mutuwa a gabansa bayan inji ya tashi, ko ya san kwana da kwanaki motarsa ba ta tashi sai da akwati, sa'an nan ya yi lodi ya shiga daji yana cewa abin da Allah Ya rubuta babu makawa, to, ya sani tafriɗi ya yi ya sa masa sunan tawakkali, kuma ba na shakka za a tambaye shi. Imani da ƙaddara wajibi ne, riƙo da sababi shi ma umarni ne, ba a kuwa fakewa da na farko don a tsere wa na biyu. Saboda haka ga ƙa'idar da nake so ku riƙe. In batir ya mutu kuma ka san dalili, kamar an bar fitila a kunne ta kwana, ko motar ta yi makonni a ajiye, babu laifi ka tayar da ita da akwati, ka bar injin ya yi aiki rabin sa'a ko fiye kafin ka kashe. In kuwa ba ka san dalili ba, ko abin ya maimaita kansa, to, wurin mai wayarin ne zangonka na farko kafin fasinja ko ɗaya ya shiga. 'Yar mitar awon wuta ba ta da tsada, kuma wanda ya haddace alƙaluman nan da na ambata a sama zai iya gane wa kansa, cikin minti biyu, ko altanetonsa na caji ko ya daina.

Ku kuma koyi sauraren mota, gama ba kowane ƙin tashi ba ne laifin batir. In ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, fitilu kuma suka dushe, wuta ce ta yi rauni, ko dai a batirin ko a kawunansa da suka saki ko suka yi farin gari, kuma sau da yawa ɗaure su da goge su shi ne dukan maganin. In fitilu na haske tar, ka ji ƙas sau ɗaya sai shiru, galibi kik ne. In inji na juyawa sosai amma bai kama ba, ka nemi laifin a wajen mai ko tartsatsin fulogi, kada ka ƙarar da akwatinka a kan cutar da ba tasa ba. Akwai kuma wata al'ada da ta yaɗu a tashoshinmu wadda nake roƙonku ku bari, watau a ari batirin wata mota a tayar, sa'an nan a cire shi inji na aiki a mayar da mataccen. A tsofaffin motoci an sha yin haka an kwashe lafiya, amma a na yanzu wutar kan yi tsalle a daidai lokacin cirewa ta ƙona altaneto ko kwamfutar inji, wadda kuɗinta ya ninka na batir. Kawar da bukatar wannan al'ada yana daga cikin manyan fa'idodin akwatin.

Wajen saye, ku tuna araha ba ta ado. Lambar nan babba da ake rubutawa a jikin kwali, 1000A ko 2000A, ƙarfin da yake kaiwa ne na ɗan ƙiftawa, wanda yake iya riƙewa yayin da inji ke juyawa bai kai haka ba; abin da ya fi cancanta a duba shi ne girman injin da kamfanin ya ce zai iya tayarwa, kamar yadda kamfanin NOCO suka rubuta wa nasu samfurin GB40 mai 1000A cewa iyakarsa lita 6 a fetur, lita 3 a dizal, daga nan kuma za ku fahimci yadda dizal ya fi nauyin tayarwa. Hannunku ma ma'auni ne. Akwatin da aka rubuta masa 99,800mAh, in gaskiya ne, wutarsa ta kai kusan 370Wh, kuma ƙwayoyin da za su riƙe wannan ba za su gaza kilo ɗaya da rabi ba; in ka ɗaga ka ji shi sakayau, rubutun ƙarya ne. A nemi mai kauri da gajartar waya, mai ƙarfin baki, wanda ke yin ƙara ya ƙi sakin wuta in an juya bakunansa biyu, ja da baƙi. Mai babbar mota kuma ya sani yawancin tireloli da manyan motocin kaya bolt 24 suke amfani da shi, akwatin bolt 12 ba nasu ba ne. Ku kuma 'ya'yana masu shago, ku ji tsoron Allah: sayar wa direba jabu da sunan mai kyau algus ne, kuma algus a kan kayan da mutum zai dogara da shi a tsakiyar daji ya fi algus a mudu muni nesa ba kusa ba.

Yadda ake aiki da shi ba shi da wuya, sai dai yana son natsuwa a lokacin da natsuwa ke ƙaranci, shi ya sa ya kyautu mutum ya gwada a gida da rana tsaka tun bukata ba ta zo ba. A kashe makulli da fitilu da rediyo, a ja birkin hannu, a maƙala jan baki a bisa kan batir mai alamar tarawa, baƙin kuma a kan mai alamar ɗebewa ko a wani tsiraran ƙarfe na jikin inji, a tabbata sun ciji ƙarfe sosai, sa'an nan a murɗa makulli na daƙiƙa uku zuwa biyar. In bai kama ba a dakata kamar minti guda ƙwayoyin su huce kafin a sake, in an yi haka sau uku ko huɗu babu labari a haƙura a nemi dalili, in kuwa ya kama a cire nan take, baƙin tukuna sannan jan. Wasu akwatunan suna da maɓallin tilas, don batirin da ya mutu murus har na'urar ba ta jin ɗuriyarsa, amma danna shi yana ɗauke dukan kariyar da aka gina a ciki, don haka kada a taɓa shi sai an duba jan da baƙin an sake dubawa. Batirin dalma kuma yana fitar da iska mai kama wuta, saboda haka babu sigari, babu ashana, babu leƙa fuska a kansa. Wanda ya kumbura ko ya tsage ko yake yoyo ba a jona masa komai.

Shi ma akwatin yana da haƙƙinsa a kanku, mafi girma kuwa shi ne a tsare shi daga rana. Motar da aka rufe aka bari a filin kasuwa cikin bazara, zafin cikinta kan kai digiri 60 ko ya wuce, na gaban gilashi ma ya fi haka, kuma a daidai nan ne masu ƙera batirin litiyam ke cewa an kai iyaka. In ya wuce haddi yakan kumbura, wani lokaci ya kama da wata irin wuta mai ciyar da kanta, mai wuyar kashewa, irin wadda ta sa kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya a 2016. A ajiye shi cikin jakarsa a ƙarƙashin kujera, nesa da jarkar mai da sifanu, in mota za ta yini a rana a fita da shi. Kada a yi masa caji yana da zafi, kada a bar shi a jone a kwana a kan katifa, a riƙa duba shi kowane wata a cika shi in ya ragu. Jarrabawar da ta fi kayar da samari kuwa ita ce ramin cajin waya da ke jikinsa: a garuruwan da wutar lantarki ke wuyar samu, yau kai ka jona, gobe abokinka, jibi fasinja ya roƙa, ranar da aka neme shi don aikin da aka saye shi dominsa sai a tarar babu komai a ciki. Ku sayi fawa banki dabam don waya, wannan ku bar shi da aikinsa.

Wanda Allah Ya hore wa ya mallaka, kada ya yi rowarsa ga ɗan'uwansa da mota ta mace wa a tasha ko a bakin kasuwa ko a ƙofar asibiti da majiyyaci a ciki, gama minti biyu ne a wurinsa, sadaka ce kuma mai lada. Sai dai ya haɗa masa da gaskiya, ya ce masa, ɗan'uwa, na tayar maka, amma ka biya ta wurin mai wayarin kafin ka yi lodi. Inda kuɗin ya yi wa mutum ɗaya yawa, ba abin da zai hana direbobin layi guda su yi karo-karo su ajiye babba ɗaya a ofishin tasha, a ɗora wa mutum guda alhakin cajinsa.

Saura maganar tsohon batir, wadda bai halatta ɗan Zamfara ya yi wasa da ita ba. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce, kuma mun ga abin da dalma ta yi mana a 2010, sa'ad da ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, har sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo suka yi shekaru suna jinyar waɗanda suka rayu. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan gubar, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai sa yaro ya tofar, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwarsa taɓawar da ba ta warkewa. Kada ku fasa tsohon batir a tsakar gida, kada ku zubar da ruwansa inda yara ke wasa ko kusa da rijiya, kada ku narka farantansa a murhun da ake girki. Ku mayar da shi dungum wurin mai sayar da batir, wanda galibi zai rage muku wani abu a kuɗin sabo. Akwatin litiyam da ya kumbura kuwa kwanansa ya ƙare: kada a huda shi, kada a sake yi masa caji, kada a jefa shi a juji inda ake cinna wa shara wuta, a sa shi cikin tsohon gwangwani da yashi a inuwa, nesa da ɗaki da rumbu, har a sami mai karɓar irinsa.